Ranar farko a Akra: tambayoyi da amsoshi ga mai shirin zuwa Gana

Duk mai shirin zuwa Akra karon farko tambayoyinsa kusan iri ɗaya ne, takarda, kuɗi, layin waya, ina zan kwana, ina zan ci abincin da hankalina zai kwanta dashi. Gasu nan na tara su da amsoshinsu. Abu ɗaya da zan ta maimaitawa har ka gaji dani shine, ranar farko ba ranar kasuwa bace kuma ba ranar yawon buɗe ido bace, ranar samun inda zaka aje jaka ce da samun mutum ɗaya wanda ya san garin, sauran duk zasu biyo baya.

Sai na nemi biza kafin na taso?

In fasfonka na Najeriya ne ko na wata ƙasar ECOWAS, a'a. Tun yarjejeniyar 1979 ɗan ƙasar ECOWAS yana da damar shiga wata ƙasar ƙungiyar ya zauna har kwana 90 ba biza. Amma fa rashin biza ba yana nufin ka taho hannu na dukan cinya ba, dole ka riƙo fasfo mai rai ko takardar tafiya ta ECOWAS. Katin zaɓe da takardar NIN ba takardun tsallaka boda bane, kar wani direba ya ce maka "kar ka damu zamu san yadda za'ai", domin yadda za'ai ɗin nan kuɗinka ne zai yi ta tsiyaya a kowace ƙofa kuma in ka shiga ba hatimi to kai ka shiga ba bisa ƙa'ida ba kenan.

Idan aka buga maka hatimi kar ka cusa fasfon a aljihu ka wuce, tsaya gefe ka buɗe ka duba kwanan wata da adadin kwanakin da aka rubuta. Abinda ke jikin hatimin shine hujjarka.

Ni ɗan Nijar ne, ya batun nawa?

Nijar da Mali da Burkina Faso sun fita daga ECOWAS a watan Janairun 2025, amma a lokacin fitar ƙungiyar ta sanar cewa za'a ci gaba da karɓar fasfo da katin shaidar mutanen ƙasashen uku da barinsu su yi zirga-zirga har sai an fitar da wani sabon tsari. Harkar nan tana iya sauyawa, saboda haka ka tambayi wanda ya tsallaka cikin 'yan kwanakin nan, ba wanda ya je shekara biyu da suka wuce ba. Haka batun hanya, wacce ke buɗe wacce ke da tsaro, direbobin tasha sun fi kowa sani.

Wai da gaske sai da katin rigakafi?

Da gaske ne, katin nan mai ruwan ɗorawa na allurar shawara. Gana na tambayarsa, a filin jirgi ma tun kafin ka isa teburin shige da fice akwai ma'aikatan lafiya da ke dubawa. Allurar sau ɗaya ake yi ta isar maka har ƙarshen rayuwa, amma katin bai fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar, toh kaga wanda ya je yayi ana jibi tafiya bai yi komai ba. Kuma don Allah a yi allurar ta gaske, a bar sayen kati a bakin tasha, cutar ba ta duba kati.

Jirgi ko mota, wanne ya fi?

Ya danganta da aljihu da kuma kayan da ka ɗauko. Daga Legas zuwa Akra a jirgi wajen awa ɗaya ne, ka sauka a filin jirgin da kowa ya sani da Kotoka, wanda yake cikin gari sosai ba kamar na Abuja da sai ka yi tafiya mai nisa ba. Sabon ɓangarensa na uku da aka buɗe a 2018 nan jiragen ƙasashen waje ke sauka, kuma gaskiya wurin da tsari.

Ta mota kuwa sai ka tsallaka boda uku. Seme ka shiga Benin, ka ratsa Kwatano, ka isa Hilakonji ka shiga Togo, ka ratsa Lome ta bakin teku, sai Aflao wacce take manne da Lome, daga nan ka shiga Gana, sai kuma tafiyar awa uku zuwa huɗu kafin Akra. A taswira tafiyar ba wani tsawo, abinda ke cin lokaci shine tsayuwa, a sauka a nuna takarda a hau, a ƙara gaba kaɗan a sake sauka, in motar akwai mai kaya da yawa ko wanda takardarsa bata cika ba to duk kun zauna kenan sai an gama dashi. Ka ɗauka yini guda ne cur, in kun isa da wuri ka gode Allah. Ka riƙe 'yan sefa a aljihu saboda Benin da Togo, ruwa da abinci da ban ɗaki duk da sefa zaka biya.

Wane lokaci ya fi kyau in shiga garin?

Da rana. In akwai yadda zaka tsara tafiyarka ka shiga Akra kafin la'asar, yi hakan. Rana na faɗuwa wajen ƙarfe shida kusan duk shekara kuma duhu na shiga da sauri, ga cunkoson yamma daga wajen ƙarfe huɗu har bayan isha'i. Baƙo da jaka a tasha cikin dare ga waya ba layi, ko a garinku ba abin so bane.

Kar ka manta ka mayar da agogonka baya da awa ɗaya. In ƙarfe 12 ne a Kano ko Yamai, ƙarfe 11 ne a Akra. Mutane da yawa na ruɗewa a nan wajen alƙawari da mai zuwa ɗaukarsu.

Wane kuɗi ake kashewa kuma ina zan canza?

Sidi, kuma sidi ɗaya pesuwa 100 ne. Takardun akwai na 1, 2, 5, 10, 20, 50, sai 100 da 200 da aka fito dasu a 2019. Naira ba ta ci a kasuwa, kar ma ka gwada miƙa wa mai tasi. In ta mota ka zo akwai 'yan canji a Aflao, in ta jirgi ne akwai a filin jirgi, amma duk biyun ka canza kaɗan kawai wanda zai kai ka masauki ka ci abinci ka sa kati, sauran ka bari sai gobe wanda ya san gari ya raka ka. A cikin gari akwai shagunan canji masu lasisi, kuma yankin Tudu da Zongo Len akwai 'yan'uwa masu harkar, da Hausa ma zaku yi cinikin, amma Hausa ba ta hana ka ƙirga kuɗinka sau biyu a gabansa kafin ka matsa.

Ka nemi ƙananan takardu. Mai koko da ƙosai in ka miƙa mata 200 da sassafe kallon da zata yi maka ya ishe ka.

Wani abu da ke rikita baƙi, a 2007 Gana ta cire sifili huɗu daga kuɗinta, sidi dubu goma na da ya koma sidi ɗaya. Har yau akwai dattawa da matan kasuwa da ke lissafi da tsohon kuɗin, sai kaji an ce maka abu miliyan ɗaya ne, gabanka ya faɗi, alhali sidi 100 ake nufi. In farashi ya yi maka kama da hauka ka ce a rubuta maka ko a danna a waya.

Layin wayata zai yi aiki?

Zai iya kamawa in an buɗe masa yawon ƙasashen waje amma zai cinye maka kati kamar wasa. Gara ka sayi layin Gana. Manyan kamfanonin uku ne, MTN da Telecel wanda a da yake Vodafone, sai AT wanda a da ake ce masa AirtelTigo. Baƙo da fasfonsa yake rajista, kuma ka je ofishinsu ko wakilinsu na gaskiya, kar ka sayi layin da aka riga aka yi wa rajista da sunan wani a bakin titi, ranar da aka rufe shi da kuɗinka a ciki ba wanda zaka kama. Lambar ƙasar 233 ce, lambar gaggawa kuma 112.

Ka sa a buɗe maka MoMo, wato asusun kuɗi na waya, a kan layin tun a wurin. A Gana kuɗin waya ya shiga ko'ina, mai shago, mai tasi, mai masauki, kowa zai ce maka "turo ta MoMo", kuma rumfunan masu cirewa da sakawa kusan kowace kwana akwai. Sai dai masu damfara ma sun san da haka. Duk wanda ya kira ka yace ya turo maka kuɗi bisa kuskure ka mayar masa, ko yace shi ma'aikacin kamfani ne ka faɗa masa lambar sirrinka, kashe wayar kawai.

Caja fa, irin soket ɗinmu ne?

In daga Najeriya kake, eh, mai baki uku ne iri ɗaya. In daga Nijar kake da caja mai baki biyu zagayayye, sayi adafta. Ana ɗauke wuta a can ma lokaci-lokaci, ka taho da fawa bank ɗinka.

Daga filin jirgi ko tasha wace mota zan hau?

Ranar farko da kaya, ɗauki tasi ko ka kira mota ta waya, Uber da Bolt da Yango duk suna aiki. Tasin gari zaka gane su da fentin ruwan ɗorawa a kusurwoyin motar huɗu, basu da mita, sai kun yi ciniki kun gama kafin ka sa jaka a but, ba bayan an kama hanya ba. Ka tambayi mai masaukinka tun a waya nawa ya kamata ka biya daga inda kake, sai ka san inda zaka tsaya a cinikin.

Kuma kar ka dogara da lambar gida. A Akra da alama ake kwatance, kusa da masallaci kaza, bayan gidan mai kaza, gaban kasuwa. Mafi sauƙi ka kira mai masaukin ka miƙa wa direba wayar su yi magana da yarensu.

Menene trotro, zan iya hawa?

Ƙananan bas ne na haya, su ne motar talaka kuma su ke ɗaukar yawancin mutanen garin. Araha sosai. Kwandastan ana ce masa met, zaka ganshi ya leƙo da rabin jikinsa ta taga yana kiran inda za su, in Sakul ne wato shataletalen Kwame Nkrumah sai ya riƙa juya yatsa yana zana da'ira a iska yana "Sak, Sak, Sakul", in Kaneshi ne kaji "Kanesh Kanesh", in tsakiyar gari ne kaji "Kra Kra Kra" da sauri kamar ana korarsa. Kuɗin sai an kama hanya yake bi layi-layi yana karɓa, canjinka kuma zai iya riƙewa sai can ya miƙo maka ta kan kafaɗun mutane, yawanci baya mantawa amma ba laifi ka tuna masa. In zaka sauka ka ce masa "met, bos stop".

Zaka iya hawa mana, amma ni dai shawarata ba ranar farko ba, kuma ba da babbar jaka ba. Ka bari gobe ka hau da wani, sau biyu kawai zaka gane kan abin. Manyan tashoshin da zaka riƙa jin sunansu sune Sakul, Kaneshi, Madina da Tema Steshan.

Ina zan sauka in ban san kowa ba?

Nan ne Bahaushe ya fi sauran baƙi sa'a. Kakanninmu sun daɗe suna bin hanyar Gwanja fataucin goro, ta Salaga da Kumasi har bakin teku, kuma duk inda suka yada zango unguwa ta tashi. Shi yasa a Gana kusan kowane babban gari akwai zango. A Akra akwai Nima da Mamobi waɗanda ma basu da nisa da filin jirgi, akwai Sabon Zango wanda Malam Baƙo ya kafa tun farkon ƙarni na 20, akwai Fadama inda babban limamin ƙasa Shehu Usman Nuhu Sharubutu yake, akwai Niyu Tawun, akwai zangon Madina. Ba Hausawa kaɗai ke ciki ba, akwai Dagomba, Zabarmawa, Fulani, Kotokoli, Mosi, Yarbawa, Wangara, amma Hausa ce ke haɗa su a kasuwa da masallaci.

Toh abinda ya fi shine tun kafin ka taso ka samo lambar mutum ɗaya, ɗan garinku ko abokin cinikin wani naka, ko da ba a gidansa zaka kwana ba ya nuna maka masauki mai mutunci daidai kuɗinka. In kuwa Allah ya sa ka sauka ba ka da kowa, nufi masallacin unguwa lokacin sallah, bayan an idar ka gaida liman ko wani dattijo, ka ce "Baba ni baƙo ne daga wuri kaza, yau na sauka, ina neman inda zan kwana", matambayi baya ɓata. Akwai sarakunan zango da shugabannin kowace ƙabila waɗanda karɓar baƙo na cikin aikinsu tun asali. Amma ka tafi da ladabi kuma ka faɗi gaskiyar abinda ya kawo ka, domin wanda ya tsaya maka sunansa ya sa a gaba.

Gidajen zango a cike suke, lunguna ƙanana, wani gidan ban ɗaki na haya ake zuwa, kar ka sa ran ɗaki kyauta. Ƙaramin otal ko gidan baƙi na kwana biyu uku ya fi maka sauƙi kafin ka gane gari. Kafin ka biya ka shiga ɗakin ka buɗe famfo, ka kunna fanka, ka gwada makulli.

Za su gane Hausata?

Tsaf. Kai ne ma zaka ɗan sha mamakin tasu, domin Hausar Gana ba ta cika raba mace da namiji ba, sai kaji an ce "matata ya tafi kasuwa", ga kalmomin Turanci da na Tuwi a ciki. Kar ka yi dariya kuma kar ka tsaya gyara wa mutane, harshensu ne haka suka tashi dashi. Da ka fita daga zango kuma sai Turanci, shine harshen hukuma, sai Tuwi da ya fi yawa a kasuwa, sai Ga wanda shine yaren asalin mutanen Akra.

Me zan ci?

A zango baka da matsala ko kaɗan. Da safe koko da ƙosai, kokon nasu da yaji da citta yake, yana da zafi a maƙogwaro. Akwai wace, wato shinkafa da wake da ake dafawa da karan dawa ya yi ja, a zuba maka taliya da gari da ƙwai da nama da baƙin yajin nan nasu shito, a ƙunshe a ganye, wannan in ka ci da hantsi sai la'asar. Shiton nan ka ce a sa kaɗan tukunna. Akwai tuwon zafi da miyar ayoyo, akwai fura, da yamma masu tsire sun fito.

Wajen zango ne zaka buɗe ido. Ana sayar da naman alade a fili a wasu wuraren, kuma miyar gidan abinci takan haɗa nama iri-iri, saboda haka ka tambaya kafin a zuba, ba wanda zai ji haushi. In kana shakka ka ci kenke ko banku, irin tuwon masararsu mai tsami, da soyayyen kifi, shikenan. Ruwa kuma na leda ko na roba.

Masallaci fa, in ranar Juma'a na sauka?

Masallatai ba'a magana, a Nima kusan kowane lungu. In kana so ka ga babba ka je Masallacin Ƙasa da ke Kanda, gab da Nima, wanda Turkawa suka gina irin ginin Santambul da dogayen hasumiyoyi, an buɗe shi a 2021. Ka je da wuri.

Akwai abinda zan kiyaye kar in yi abin kunya ko in shiga matsala?

Gaisuwa kafin tambaya, ko hanya zaka tambaya fara da gaisuwa. Kar ka miƙa kuɗi ko ka karɓi abu ko ka nuna mutum da hagu, wannan dama mun saba. In ka tarar da mutane a zaune zaka bi su da musabaha, daga na hannun damanka ake farawa a tafi hagu. Mutanen Akra basu cika son hayaniya da ɗaga murya ba, in ka ɗaga murya a ciniki sai a ɗauka faɗa kake.

Kar ka sa kaya masu kama da kakin soja. Kar ka ɗaga waya kana hoton fadar shugaban ƙasa ta Jubilee ko barikin soja ko shingen 'yan sanda. A Sakul da kasuwannin Makola da Kantamanto wayarka ta zauna a aljihun gaba, jaka a ƙirji, garin da kwanciyar hankali amma cunkoso cunkoso ne. Fasfo kuma ka ɗauki hotonsa a waya ka yi kwafi ɗaya ka aje daban.

Zafi ne ko ruwa?

Zafi mai gumi, irin na bakin teku, wanda ya saba da busasshen zafin arewa zai ji kamar rigarsa ta manne masa tun daga ƙofar jirgi. Ka taho da kaya marasa nauyi. Damina mai ƙarfi daga wajen Afrilu zuwa Yuli ce, Yuni ya fi ruwa, kuma garin na ambaliya. Ranar 3 ga Yunin 2015 ruwa ya haɗu da gobara a wani gidan mai a Sakul inda mutane suka fake, sama da mutum 150 suka rasu. In ka sauka ana ruwa mai ƙarfi, zauna inda kake har ya tsagaita, kar ka ce sai ka ratsa Sakul ko Kaneshi. Sauro ma akwai, kar ka raina.

Na zo da 'yan kaya, zan iya fara sayarwa washegari?

A hankali malam. Damar shiga ta kwana 90 ba lasisin buɗe shago bace. Dokar zuba jari ta Gana ta 2013 ta keɓe wa 'yan ƙasa ƙananan harkoki irin su talla da sayar da kaya a rumfar kasuwa, kuma an sha samun rikici a kan haka har aka rufe shagunan 'yan Najeriya a wajen Sakul da Kumasi. Masu zuwa da kaya yawanci ta hannun ɗan gari suke bi, shi ya san dillalai, shi ya san wanda ke biya da wanda sai an bi shi wata uku. Washegarin saukarka ka bar kayan a masauki, ka bi mai masaukinka kasuwa hannu sake, ka ga farashi, ka gaisa da mutane, ka karɓi lambobi. In kuma zama ka zo yi wanda zai wuce kwana 90, sai ka je ofishin shige da fice ka nemi izinin zama da katin shaidar baƙi tun kwanakinka basu ƙare ba, kuma ka shirya jin cewa masu gidan haya a Akra kuɗin shekara ɗaya ko biyu suke nema a dunƙule.